Shekarar da Na Sa wa Ruwa Kwaɗo

Ranar sunan jikata, 'yar Hadiza, ina zaune a zaure ina fama da tsokar rago da 'yan haƙoran da suka rage mini, na ji Laminu yana ba surukanmu labarina. Wai a shekarar da famfo ya ƙafe a unguwarmu, mahaifinsa ya buɗe tanonsa uku, gangunan da yake tara ruwa, ya raba wa maƙwabta ruwa, ya bar kifayensa suka mutu, ko a jikinsa. Baƙi suka yi ta gyaɗa kai, wani dattijo ma ya ce irinmu ne suka yi ƙaranci a duniya. Ni dai na ci gaba da tauna. Da na shiga gida na gaya wa uwarku abin da na ji, ta ɗago ta dube ni ta ce, "To, ai ka ji daɗi," ta koma kan tsintar shinkafarta. Na fi shekara talatin ina jan layi da jan alƙalamin bik a ƙarƙashin kuskuren 'ya'yan mutane, bai kamata in bar na ɗana ya wuce ba don kawai kuskuren ya yi mini kyau. Labarin Laminu yana da kai, yana da wutsiya, tsakiyarsa ce babu. Ga tsakiyar, ku ajiye.

Kifin ya shigo gidan nan ne a watan da na ajiye alli. Habu, wani tsohon ɗalibina da ya gagara haɗa jimla ɗaya ta Faransanci amma yau yake da kanti biyu a Zango, ya dawo daga Kano da leda biyu ɗaure da ruwa, kowace da ɗan kifi a ciki wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

"Mushe, ga abin ɗebe kewa," in ji shi, don haka ake kiran malamin boko a nan, daga Faransanci. "Halinku ɗaya. Ba ya son a zauna kusa da shi, kuma kowa ya gani sai ya kumbura."

A littafi sunansa betta, mu a gidan nan kifin faɗa muke ce masa. Namijin yana jan jela kamar babbar rigar da ta sha aiki, kuma in ka haɗa maza biyu a wuri ɗaya, kafin ka idar da alwala ɗaya ya yayyage ɗan'uwansa. Shi ya sa kowanne sai da kwalbarsa. Abin da ya fara burge ni da shi, yana hawowa saman ruwa ya shaƙi iska kamar ni da kai, don haka ruwa kaɗan ya ishe shi rayuwa. Na ce wannan kifi ka rantse a Birni aka haife shi, ya san halin Damagaram tun kafin ya zo. Na share ɗakin da nake tara tsofaffin kaye, littattafan rubutun ɗalibai, na kafa katakai a bango, na shiga bin masu shayi ina roƙon kwalaben mayonis da suka ƙare. Mutumin da ya taɓa tsayawa gaban aji yana bayanin yadda daulolin duniya suka tashi suka faɗi, shi ne yanzu yake bin kwatami da rariyar shayi yana kamun 'ya'yan sauro don ciyar da kifi. Uwarku ta ce duk gidan da ke unguwar korar sauro suke yi, mu kaɗai muke kiwonsa.

Amma wanda bai ga auren kifin nan ba, kada ya yi saurin yi mini dariya. Namijin ne ke fara gini. Yana hawowa ya guntsi iska, ya fesar da ita ƙarƙashin busasshen ganye, ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, har ya tara sheƙar kumfa kamar faɗin tafin hannu. Sai ka kawo macen a cikin kwalba ka tsoma kusa da shi, su yi kwana biyu suna kallon juna ta gilashi, kamar yadda ake zance a zamaninmu. In ka sake ta, ya naɗe ta da jikinsa, ƙwai su zubo kamar tsakin gero, shi kuma ya bi su ɗaya-ɗaya da baki, ya kai sheƙa ya liƙa. Daga nan dole ka fitar da macen, don ya daina ganin ta da mutunci. Kwana uku ba ya ci, ba ya hutawa. Duk ƙwan da ya faɗo sai ya kamo ya mayar. Ranar da na fara ganin haka na ruga na kira uwarku daga madafa, hannunta duk kuka.

"Zo ki ga uba," na ce. "Shi ke gini, shi ke reno, shi ke gadi."

Ta leƙa, ta jima tana kallo.

"Na gani," ta ce. "A kwalba."

Ban tsaya nazarin wannan amsa ba a lokacin. Ina da abin da ya fi damuna, wato ruwa. Na famfo yana warin jabel, maganin da ake zuba masa don kashe ƙwayoyin cuta, na rijiya kuwa kanwa ta yi masa yawa, ƙananan ba sa kwana biyu a cikinsa. Ruwan sama kaɗai ya karɓe su. Sai na sayi tano uku, manyan gangunan roba masu murfi, na jera su a ƙarƙashin indararo, damina ta cika su, in yi ta tsimi har wata ta zagayo. Na karanta cewa a ƙasarsu ana jiƙa masu wani ganye da ke rina ruwa kamar shayi. Ba mu da shi, sai na je wurin majema na karɓo bagaruwa, na ce abin da ya gyara fata zai gyara ruwa. Karon farko na zuba da yawa, na jeme kifi shida da ransu. Daga baya na gane rabin kwafsa ɗaya ya ishi bokiti. Haka na yi ta koyo, kowane darasi da gawarsa. Burina kuwa launi ɗaya ne: shuɗi mai duhu mai sheƙi irin na turkuɗi, da farin zare a bakin jela kamar an yi masa dajiya. Shekara huɗu ina haɗa wannan da waccan, ina rubuta wane ya haifi wane a kaye, har na samu namiji guda da ya fito yadda nake so. Na sa masa suna Surbeyan, don yadda yake sintiri a kwalba yana harare-harare sak mai tsaron ɗalibai a lakwal, wato makarantar boko. A bazarar da nake ba ku labari ya yi sheƙa, ya ƙyanƙyashe 'ya'ya fiye da ɗari, kowane kamar gashin ido. Ina ba su gwaiduwar ƙwai da tsinken ashana, ina canza masu ruwa kullum. Shekara huɗun nan duka suna cikin baho ɗaya.

A makon ne famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ba sabon abu ba ne a garin nan, ku da kanku kun girma kuna kwana da kunne ɗaya a bakin famfo. Amma wannan karon mako ya wuce, na biyu ya bi shi. 'Yan ga-ruwa suka zama kamar watan Sallah, kowa na cigiya. Mata suna fita da asuba da bido, jarkokin ruwa, su dawo rana tsaka da rabi. Ruwan sha muna samu da ƙyar, ba na so ku ce na bar ku da ƙishirwa. Sai dai na lura idanun masu shigowa gidan sun daina tsayawa a fuskata in muna gaisawa, suna zarcewa bayana, inda tano uku ke tsaye a inuwa. Na je Zango na sayo sarƙa da kwaɗo, na zarge murafun ukun, na jefa makulli a aljihu. Wannan Laminu bai faɗa wa surukanmu ba. Wataƙila bai sani ba, yana Yamai a lokacin.

Kun san Iya Falmata, wadda katangarmu ɗaya da ita, 'yar Barebarin da kakanninta suka zo garin nan da fatauci. Jikarta Yagana, wadda ta rena tun rasuwar uwarta, ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya kwana tara kafin ranar da zan faɗa maku. Da hantsi ina ɗakin kifi na ji sallamarta. Ta shigo da bokiti biyu, tana tafiya tana dafa bango. Muka gaisa, na yi mata barka karo na biyu, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, har kifi ta tambaya.

"Mushe, ruwa na zo roƙo," ta ce. "Yarinyar nan yau kwana biyu ba ta yi wankan jego ba. Na kasa zuwa rijiya, ƙafa ta ƙi."

Da jahili ne ni, da na ce babu, ta tafi, in ji kunya, a wuce wurin. Amma ni mai karatu ne. Na gyara tsayuwa, na saka hannu a baya kamar ina gaban allo, na yi mata darasi. Na ce wannan wanka da tafasasshen ruwa da ganyen dogon yaro safe da yamma har kwana arba'in al'ada ce kawai. Na ce likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa zafin da kunun kanwa suna wahalar da zuciyar mai jego. Na ce rashin ruwan nan ma wataƙila rahama ce ga Yagana. Na ƙara da cewa ruwan tano ya daɗe a ajiye, ba na sha ba ne. Ku lura, babu ƙarya ko ɗaya a cikin abin da na faɗa, har yau ina kan ra'ayina game da tafasasshen ruwan. Wannan ne ya sa abin ya fi muni. Na ɗauki gaskiya na toshe bakin tano da ita.

Ta saurare ni har na kai aya, yadda ɗalibaina ba su taɓa yi ba.

"Na ji, Mushe. Allah ya ƙara ilimi," ta ce. "To tsummokaran jaririn fa, su ma likita ya ce kada a wanke?"

Ta sunkuya ta ɗauki bokitanta.

"Allah ya raya maka kifayen," ta ce, ta fita tana dafa bango kamar yadda ta shigo.

Uwarku tana bakin murhu, ta ji komai. Ta kawo mini abincin rana, ta kawo ruwan wanke hannu a ɗan kofi, ta tsaya har na gama ta kwashe. Sai bayan la'asar ta shigo ɗakin kifi, inda ba ta taɓa zama ba, ta jawo kujerar tsuguno ta zauna tsakanin kwalabe.

"Malam, tambaya gare ni, tunda kai ne mai karatu."

"Ina jin ki."

"Da na haifi babban," ta ce, don kun san har gobe ba ta kama sunan Laminu, "wane lokaci ne?"

"Bazara. Kamar yanzu."

"Akwai famfo a gidan nan lokacin?"

"Babu."

"Innata tana da rai?"

"Allah ya jiƙanta, ta riga ta rasu."

"To ruwan da na yi wanka da shi kwana arba'in, daga ina ya fito?"

Ni ne na koya wa yara inda kogin Isa, wato Neja, ya faro da inda ya faɗa teku, na zana masu shi a allo ba tare da duba littafi ba. Na san tsaunukan da ke shayar da Masar. Amma ruwan da aka yi wa matata wanka da shi a tsakar gidana, ina zaune taku goma daga wurin, ban san daga ina ya fito ba. Na dai tuna tururi yana tashi bayan zana, da warin ganye.

"Iya Falmata ce," ta ce. "Daga rijiyar bayan duwatsu. Tulu huɗu kullum, biyu da safe biyu da yamma, a kanta. Da goyo a bayanta. Goyon nan ita ce uwar Yagana."

"Me ya hana ki faɗa mini tuntuni?"

"Ka taɓa tambaya? Kana gyaran kaye." Ta miƙe, ta leƙa bahon ƙananan, ta daɗe tana kallonsu. "Suna da kyau," ta ce. "Kai ma jego kake yi, na sani. Amma nata mutum ne."

Ina so in rubuta cewa nan take na zaro makulli. Ban zaro ba. Abin da na yi, na ɗauko takarda na zauna lissafi, irin wanda muke azabtar da yara da shi a lakwal: baho yana ɗaukar kaza, ana ɗiba kaza a yini, kwana nawa zai ƙare. Na sa kifi a gefe ɗaya, na sa Yagana da jaririnta a ɗaya gefen, na ƙiyasta kwanakin da suka rage kafin ruwan fari na damina. Amsa ta fito: ruwan zai kai ɗaya, ba zai kai biyu ba. Na sake lissafin sau uku, ina rage nan ina ƙara can, kamar ɗalibin da ya san amsa amma ba ta yi masa daɗi ba. A tsawon wannan lissafi Yagana ta ƙara kwana ɗaya ba wanka, kuma ina jin kukan jaririn ta kan katanga. Ku sa wannan kwanan ma a cikin labarin.

Washegari da safe na miƙa wa uwarku makullin, na ce ta aika a kira Iya.

"A'a," ta ce. "Bakin da ya yi darasi shi zai je."

Na cika bokiti biyu na ɗauka da kaina. Ban taɓa sanin nauyin ruwa ba sai ran nan, duk da na koyar da shi a aji. Daga ƙofarmu zuwa tata bai fi taku talatin ba, amma kafin in kai na tsaya sau biyu, rigata ta jiƙe har gwiwa, masu shayin bakin lungu suka bar abin da suke yi suna kallo. Na yi sallama. Iya Falmata ta fito, ta dubi bokitan, ta dube ni.

"Likitan ya sake magana ne, Mushe?"

"Bai sake ba, Iya. Ni ne na sake. Sai dai don Allah a surka, kada a yi mata da tafasasshe."

"Kai dai ba ka iya kawo abu ba tare da darasi ba," ta ce. "Shigo da su."

Ruwa in ya fita gida ɗaya a lungu, ya fita duka. Kafin azahar bokitai sun yi layi a zaurenmu. Wannan ne ɓangaren da Laminu ya sani, kuma ko shi ba ni na yi ba. Uwarku ce ta tsaya a bakin tano da moɗa, ta ware guda ta ce na mai jego ne, kowa kada ya kalle shi, ta raba biyun bisa yawan yara da tsofaffin kowane gida, waɗanda ta san su kaf ba tare da kaye ba. Ni ina ɗaki ina kallon ruwan bahona yana komawa kamar tsarin kamu. Ƙananan suka fara zuwa sama suna haki. Kowace safiya ina tsame gawa da cokalin shayi, in kai gindin lemun tsami in rufe. Cikin kwana goma babu ko ɗaya. Manyan na raba wa Habu da wasu, aka mayar da su abin wasa, aka haɗa maza biyu don a ga faɗa. Macen da ta haifi ƙananan ta mutu a hannuna. Ku yi dariya in kun ga dama, amma na yi baƙin ciki irin wanda ba a zuwa wa mutum gaisuwa a kansa. Kuma akwai safiyar da na ji jaririn nan yana kuka na ji haushinsa. Allah ya yafe mini, yanzu shi ke gaishe ni in zai tafi lakwal.

Surbeyan kaɗai ya rage, jelarsa ta fara zaizayewa. Tun a kwana na uku da buɗe tano kuwa, Iya Falmata ta zo ɗibar rabonta. Da aka cika mata bokiti, sai ta sa moɗarta ta kamfato daga ciki, ta taka a hankali har tagar ɗakin kifi, ta ajiye.

"Wannan na mai jegonka ne," ta ce.

Na ce ta bar shi, Yagana ta fi bukata.

"Ni ban yi lakwal ba, Mushe, amma na san moɗa ɗaya ba ta hana wanka."

Haka ta yi kowace safiya har Yagana ta yi arba'in. Da moɗar nan Surbeyan ya rayu ya ga ruwan fari. Da damina ta zauna har sheƙa ya sake yi, babba, ya yi kwana da kwanaki yana gadin kumfar da babu komai a ciki, don ba ni da macen da zan ba shi. Kafin kaka ya mutu. Na ci gaba da kiwo, kun gani, yanzu ma akwai kwalba goma sha wani abu a ɗakin, ja da kore da masu ruwan hanta. Turkuɗi mai farar dajiya dai bai sake fitowa ba, kuma na daina jiransa. Ba zan ce maku ban yi asara ba. Na yi, kuma daidai ne da na yi.

Iya Falmata ta rasu shekara biyu bayan haka. Moɗar tana nan a tagar, Yagana ta ce in riƙe. Sarƙa da kwaɗon uwarku ta karɓe, suna jikin akurkin kaji, inda ta ce nan ne wurinsu tun farko. Saboda haka, Laminu, in za ka sake ba da labarin nan a gaban mutane, ka fara da kwaɗo, ka sa darasin da na yi wa tsohuwa, ka sa kwanan da na ɓata ina lissafi. In lokaci ya ƙure maka, ka cire ni gaba ɗaya, ka bar matan biyu, labarin ba zai rasa komai ba.

Da na gama wannan babi na karanta wa uwarku shi tun daga farko, tana tsinke zogale. Tana ta aikinta har na zo wurin rijiyar bayan duwatsu, inda da farko na rubuta tulu uku.

"Huɗu ne," ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Na ɗauko jan bik na gyara.